Sakan Uku na Mai Agogo

Mai Agogo shi ne mutum na ƙarshe a garin da ya san cewa ya shahara. Kusan shekara biyu fuskarsa tana yawo a wayoyin mutane, shi kuwa yana zaune a ɗan shagonsa da ke tsakanin mai aski da kantin magani, gilashin ido ɗaya maƙale a idonsa na dama, yana tsintar ƙananan sukurori da hantsaki, bai san abin da duniya ke ciki ba.

Ya dai lura da wasu abubuwa. Wata mata ta kawo masa agogo lafiyayye garau, ta ce a duba mata, ta tsaya tana kallonsa tana danne dariya har ya gama. Wasu 'yan mata biyu sun leƙo ta ƙofa, ɗaya ta dafe baki ta ce, "Wallahi shi ne!" suka zura da gudu. Akwai ma wani direban tasi da kullum sai ya rage gudu a ƙofar shagon, ya leƙo ta taga, ya girgiza masa kai a hankali, sannan ya wuce yana washe baki. Mai Agogo ya ɗauka wayoyin zamani ne suka fara taɓa wa mutane ƙwaƙwalwa. Tasa wayar ƙarama ce mai maɓallai, ya ɗaure bayanta da roba, kuma a ganinsa duk abin da ya wuce kira da amsawa rashin aikin yi ne.

Mutum ne mai tsare gida. Ba mugu ba ne, a'a, sai dai Allah bai yi masa fuskar dariya ba, kuma shekara arba'in yana sunkuye a kan abubuwan da suka lalace, har ya saba duk abin da aka miƙo masa sai ya fara neman inda matsalar take. Abu ɗaya ke cinsa a rai, bai taɓa faɗa wa kowa ba: Auta, ɗansa na ƙarshe, bai yi masa magana ba tun ranar da ya bar gida. Yana kiran uwarsa, yana kiran yayarsa Nas, suna hira suna shewa. Idan uwar ta ce, "Ga babanka," sai layin ya tsinke, kuma kullum a daidai wurin yake tsinkewa. Duk lokacin da ƙaramar wayar ta yi ƙara a aljihunsa sai ya yi sauri ya duba ko Auta ne, ya ga mai neman batir ne.

Ranar da asiri ya tonu, yana zaune ne a kujerar mai aski, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, an shafa masa kumfa a haɓa. Wayar mai aski ta yi ƙyar-ƙyar. Ya ajiye reza, ya duba, ya yi tsaki.

"Matata ce. Wai in biyo mata da sabon labule."

Ya danna abu ɗaya da babban yatsa. Kuskuren da ya yi shi ne ya manta akwai madubi a gabansu. A cikin madubin Mai Agogo ya hango wani tsoho a fuskar wayar, da gilashin ido ɗaya, da riga mai ruwan ƙasa irin tasa. Tsohon ya ɗago kai, ya kalli wani abu, ya taɓe baki, ya girgiza kai sau biyu. Sai ya sake ɗago kai, ya kalla, ya taɓe baki, ya girgiza. Sai ya sake.

"Miƙo wayar nan."

"Wace waya?"

"Ina da ido, ko ɗaya ne. Miƙo ta."

Mai aski ya miƙa. Mai Agogo ya zuba wa kansa ido, kumfa na ɗiga a kan ƙyalle.

"Ni ne wannan?"

"To... yana kama da kai."

"Me nake yi a wayar matarka?"

"Kana ce mata a'a," in ji mai aski, ya sosa ƙeya. "Ka yi haƙuri, maƙwabci, amma ni idan na ce a'a da bakina sai an kwana uku ana magana. Kai kuwa da ka girgiza kai, shi ke nan, ko ita sai ta yi dariya. Duk garin nan da kai ake ƙin abu. Har malaman makaranta."

Mai Agogo ya tashi da rabin haɓa a aske, ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da aka haifi Nas.

A gida ya tarar da matarsa tana ninke kaya a falo, Nas kuma ta biyo daga asibiti, ta cire takalma ta miƙe ƙafa a kujera. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya ce an mayar da shi abin wasa a gari, kuma yana so ya san wanda ya yi. Ya zaci za su firgita. Sai ya ga sun kalli juna irin kallon waɗanda suka daɗe da shirya wa wannan rana.

"Au, sai yau ka gani?" in ji matarsa.

"Kin sani ke nan?"

"Malam, da shi nake amsa wa ƙanwarka duk sanda ta ce za ta zo ta kwana biyu."

Ya nemi wuri ya zauna. Nas ta gyara zama, ta sa muryar da take yi wa marasa lafiya masu taurin kai bayani. Ta ce ai ba wani sihiri ba ne, hoto mai motsi ne, wasu na cewa gif, wasu su mayar da shi sitika. Ta ce abin ma ya girme ta. Tun zamanin da kwamfuta ke da ƙatuwar ƙeya, saƙo na tafiya a hankali, aka fito da dabarar: hotuna kaɗan a jere, babu murya, idan ya kai ƙarshe ya koma farko. Da can, in ji ta, hotunan wuta mai ci da na wasiƙu masu tashi ake liƙawa a shafuka don ado. Daga baya mutane suka gano fuskar ɗan Adam ta fi saurin kai saƙo, sai kowa ya shiga yanko sakan biyu ko uku daga bidiyo yana turawa maimakon ya rubuta.

"Ban tambaye ki tarihinsa ba. Wa ya yanko ni?"

Nas ta kalli uwarta. Uwar ta ci gaba da ninke zanen gado ɗaya da ta riga ta ninke.

"Auta ne, Baba."

Ba sai an tuna masa ranar ba, rigar ma ta isa. Ranar ce Auta ya shigo shago da kwamfutarsa a hammata, yana ta zumuɗi, ya ce wani kamfanin zane a can wani gari mai nisa ya ɗauke shi aiki. Ya buɗe ya nuna masa abin da ya sa aka ɗauke shi, wata kyanwa da ya zana tana bin ƙwallo tana zamewa. Wata shida ya yi a kanta. Nas na tsaye a gefe da waya, tana ɗauka don a adana farin cikin Baba. Shi kuwa Baba, wanda ya riga ya sayo kujera ta biyu ya ajiye wa Auta a shagon, ya ɗago kai, ya kalli kyanwar, ya taɓe baki, ya girgiza kai. Abin da ya faɗa bayan nan bai shiga hoton ba, tunda hoton ba ya magana, amma shi yana jin sa har yau: "Wannan ne aikin?"

"Ni na ba shi bidiyon. Da ya yanko, da farko ni kaɗai ya turo wa," in ji Nas. "Ni na tura a guruf ɗinmu na 'yan gida a waya. Daga nan kuma ban san hanyar da ya bi ba. Har wata abokiyar aikina ta taɓa turo mini kai, ba ta san kai ka haife ni ba." Sannan ta ƙara da abin da bai kamata ba. "Auta ya ce duk zanen da ya yi a rayuwarsa babu wanda ya yi yawo kamar wannan."

Washegari Mai Agogo ya karɓi aron wayar matarsa, bayan ta sa shi ya yi alkawari sau biyu cewa ba zai buɗe cikinta ba. Alkawarin bai hana shi juya ta a ƙarƙashin fitila yana neman sukurori ba. Da bai samu ko ɗaya ba ya yi tsaki, ya ce wannan ba ƙira ba ce, rashin kunya ce. Sai ya jingina ta da wani agogon tebur, ya buɗe hoton, ya zauna yana jira ya ƙare.

Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure masa kai. Ya ji bayanin Nas sarai, amma zuciyarsa ba ta yarda ba. A saninsa duk abin da ke motsi gaba yake tafiya. Ya ɗauka idan ya yi haƙuri tsohon zai gaji, ya ajiye gilashin, ya ce wani abu. Shayinsa ya huce a kofi. Tsohon bai gaji ba.

Sai ya ɗauko agogon awon gudu ya auna. Sakan uku cif. Ya jawo takarda ya buga lissafi: sau ashirin a minti, dubu ɗaya da ɗari biyu a awa, dubu ashirin da takwas da ɗari takwas a kwana ɗaya. A waya ɗaya ke nan. Ya ajiye fensirin. Shi a tunaninsa sau ɗaya ya girgiza wa yaron kai, wata rana da hantsi, kuma ya zaci abin ya wuce kamar yadda hantsi ke wucewa. Ashe tun ranar bai daina ba. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta bari mutum ya ɗago ko da shi kaɗai ne a ɗaki.

Ya san wannan ciwon a agogo. Hannun sakan ya tsaya wuri ɗaya yana rawa, ya matsa gaba ya dawo, ya matsa ya dawo. Masu kawowa kan ce batir ne, amma sau da yawa wani abu ne ya maƙale a ciki. Ba a gyara shi da jijjigawa. Sai an buɗe.

Ya kira Nas ya ce yana so a yi sabo. Wannan karon zai gyaɗa kai.

Ta zo da yamma bayan ta tashi aiki. Mai aski ya ji labari, ya bar wani mutum da kai rabi a aske ya shigo ya naɗa kansa mai ba da umarni.

"Ka saki fuska, maƙwabci. Ka yi kamar an kawo maka agogon zinare."

Mai Agogo ya saki fuska iya ƙarfinsa. Nas ta duba abin da ta ɗauka, ta ce, "Baba, wannan in ka zo da shi asibiti ɗakin haƙori za mu tura ka."

Aka sake. Ya gyaɗa kai a hankali, ya fito kamar mai gyangyaɗi a mota. Ya gyaɗa da sauri, ya fito kamar zakara na cin tsaba. A karo na tara mai aski ya ce a ɗaga babban yatsa, Mai Agogo ya ɗaga, ya kalli yatsan da kansa, ya taɓe baki, ya girgiza kai ba tare da ya sani ba. Mai aski ya zube a kan kujera ta biyu yana riƙe ciki.

"Don Allah, Nas, turo mini wannan! Ya fi na farkon!"

"Fita mini daga shago," in ji Mai Agogo.

Da suka tafi ya zauna shi kaɗai a cikin ƙarar agogunan bango. Ya gane fuskarsa ba za ta yi masa wannan aikin ba, shekara sittin da biyar ba ta koya ba, ba za ta koya a yamma ɗaya ba. Hannunsa ne kaɗai ya taɓa iya faɗin abu. Ya sunkuya ya jawo aljihun tebur na can ƙasa, wanda ke cijewa, ya ɗaga tsofaffin maɗauran agogo da gilasan da suka tsage, ya fito da wani ɗan littafin rubutu da bangonsa ya yi laushi.

Lokacin Auta na da shekara bakwai ya karye a ƙafa, aka ɗaure shi, ya yi wata guda kwance yana ƙunci. Mai Agogo bai iya lallashi ba, bai iya tatsuniya ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki littafin nan ya zana ɗan mutum mai ƙafafun tsinke a kusurwar kowane shafi, kowanne ya ɗan bambanta da na baya. Ya riƙe da babban yatsa ya saki shafukan, farrr, ɗan mutumin ya yi gudu ya tsallake rami. Yaron ya yi dariya har ƙafar ta yi masa zafi, ya ce a sake. Aka sake sau fi hamsin. Kafin a kwance ɗaurin ya cika littattafai huɗu da nasa zanen.

Mai Agogo ya saki shafukan yanzu. Ɗan mutumin ya tsallake ramin kamar jiya aka zana shi. Wato shi da hannunsa ya koya wa yaron, sannan da yaron ya kawo masa abin ya girma, ya tambaye shi ko wannan ne aikin.

Ya sayi sabon littafi a kantin kusa. Kwana uku duk wanda ya kawo gyara sai ya ce ya dawo mako mai zuwa. Ya yi aikin yadda ya san aiki: ya ware shafi goma sha biyu ga kowane sakan, shafi talatin da shida ke nan, ya ja layi da rula, ya fere fensir har ya yi tsini kamar allura. Ya sa gilashinsa ya zana ɗan mutum mai ƙafafun tsinke, shi ma da nasa ɗan gilashin. A sakan na farko ɗan mutumin yana girgiza kai. A na biyu ya tsaya, ya cire gilashin ya ajiye. A na uku ya buɗe hannayensa biyu. Hannayen ne suka ba shi wahala. A kowane shafi sai ya ga bai buɗe su sosai ba ya ƙara, har a shafin ƙarshe suka kai bakin takarda.

Rana ta huɗu da hantsi matarsa da Nas suka zo shagon. Mai aski ma ya zo, ba wanda ya gayyace shi. Mai Agogo ya riƙe littafin a ƙarƙashin fitila ya saki shafukan, Nas ta ɗauka. Babu wanda ya yi dariya. Matarsa ta juya tana duba wani agogon bango da ta sani shekara talatin.

Nas ta yanke, ta mayar da shi mai maimaita kansa, ta buɗe wurin saƙon Auta a wayar uwarta, ta rubuta a ƙasa, "Daga Baba." Ta nuna masa inda zai danna. Mutumin da ke ɗaukar sukuru mai ƙanƙantar ƙwayar yashi ba tare da hannunsa ya motsa ba, sai da ya kuskure wurin sau biyu.

Saƙon ya tafi. Alamar an gani ta fito nan take.

"Yana rubutu," in ji Nas.

Suka zuba ido. Rubutun ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Agogo ashirin da bakwai ne a bangon shagon, Mai Agogo bai taɓa jin sun cika surutu irin na yau ba. Minti huɗu suka wuce, ya ƙirga su a kan dukansu.

Wayar ta yi ƙyar. Abin da ya shigo tsoho ne mai riga ruwan ƙasa. Ya ɗago kai, ya kalla, ya taɓe baki, ya girgiza kai.

Mai Agogo ya gyaɗa kai, a karon farko yadda ya kamata, ya ce, "To. Ya yi daidai." Ya fara mayar da littafin cikin aljihun tebur.

"Tsaya, Baba, akwai rubutu." Nas ta karanta, tana tsakanin kuka da dariya. "Wai hannayen sun yi tsawo. Kuma wai kan ya yi tsalle a wajen shafi na ashirin."

"Ƙarya ne! Da rula na auna!"

Bai rufe baki ba sai wata ƙara ta tashi, tsohuwar ƙara mai kaifi, daga aljihun rigarsa. Ƙaramar wayar ce mai ɗaurin roba. Ya laluba ya fito da ita, ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya ga sunan. Ya danna ya kara a kunne.

"Baba," aka ce daga can.

Shekara biyu yana shirya abin da zai faɗa idan wannan rana ta zo, jawabi ne mai kyau, mai farko da ƙarshe. Ko kalma ɗaya bai tuna ba.

"Hannayen ba su yi tsawo ba," ya ce. "Kai ne ka yi nisa."

Wannan karon layin bai tsinke ba. Mai Agogo ya cire gilashin daga idonsa ya ajiye a tebur, saboda ya daina ganin komai ta cikinsa. Fuskar nan da ta ƙi motsi a gwaji tara ta shiga yin abubuwan da babu wanda ya taɓa gani a kanta.

Mai aski ya zaro wayarsa a hankali, ya fara ɗagawa. Matar Mai Agogo ko juyowa ba ta yi ba, ta kai masa duka a hannu.

"Wannan ba na turawa ba ne," ta ce. Ta ja shi da Nas waje, ta jawo ƙofar shagon.